Teburin Abba: yadda tsohon dainin ɗinmu ya shiga ɗakin amarya

1/ Jama'a ku matso, zaren yau yana da ɗan tsawo. Labarin tebur ɗaya ne da kujeru shida, waɗanda suka kusa raba ni da Goggona ana saura wata biyu bikin autarmu. Duk wanda aure ke gabansa, nasa ko na ƙanwa, ya daure ya karanta.

2/ Teburin nan ya girme ni. Abbanmu, Allah ya jiƙansa, a Kaduna ya saye shi lokacin yana aikin gwamnati a can. Da aka cire jihar Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna a watan Satumba na 1987, ma'aikata 'yan asalin nan suka dawo gida, shi ma ya ɗoro kayansa a babbar mota. Umma ta ce sai da ƙarti huɗu suka kama kafin a sauke teburin.

3/ Gaskiyar magana, ban taɓa ganin mun zauna mun ci tuwo a kansa ba. Gidan Bahaushe ne, tabarma muke shimfiɗawa a tsakar gida. Aikin teburin daban: a kansa muke aikin makaranta, a kansa ake guga, a kansa filas da rediyon Abba suke. Kujerar ƙarshe ta wajen taga tasa ce, nan yake shan shayi yana jin BBC da safe. Ko ba ya gida ba mai hawa.

4/ Bayan rasuwarsa Umma ta ce a fitar mata da shi daga falo, ba ta son gani. Muka kai sito, muka jibga tsofaffin katifu da buhuna a kai. Shekara shida yana can.

5/ To, sai aka sa ranar autarmu. Kun san yadda abin yake a wajenmu, kayan ɗaki a wuyan gidan amarya suke. Gado, katifa, sif, madubi, kujerun falo, labule, kayan kicin. Yanzu kuma an ƙaro dainin, wanda iyayenmu ba su san shi a lissafi ba. Uba ba ya raye, ni ne babba namiji, albashina kuma ni da Allah muka san shi.

6/ Na zaga shagunan kayan ɗaki a cikin gari. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta, komai ya tashi, amma na kayan ɗaki har da dalili na musamman. Sinadaran da ake yin soso da su daga man fetur ake samo su, kuma shigo da su ake yi da dala. Yadin kujera ma yawanci na waje ne. Kuɗin da aka faɗa min na dainin mai kujera huɗu ya sa na ce wa mai shagon zan dawo. Ya san ba zan dawo ba, ni ma na sani.

7/ Abin da ya fi tsaya min ba kuɗin ba ne ma. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin teburin da ke ta sheƙi, na ga ba katako ba ne. Garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse, aka manna masa leda mai zanen itace. Irinsa aka kai wa matar wani abokina. Damina ɗaya ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa, ƙafafun suka kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi.

8/ A makon ne Umma ta ce a kira masu sayen tsofaffin kaya a share sito, baƙi za su zo biki. Mutumin ya zo, ya ɗaga gefen teburin da ƙyar, ya taya kuɗin da bai kai na kaji biyu ba. Na ce a'a. Ya ƙara. Na ce a'a. Ya sake ƙarawa ba tare da na ce komai ba. A nan jikina ya ba ni. Ɗan kasuwa ba ya bin abin banza har bakin ƙofa.

9/ Washegari na ɗora kujera ɗaya a Napep sai Babbar Kasuwa. Mutane suna ta kallona, saurayi da kujera mai yagaggen mazauni a ka. Na shiga wajen masu soso da yadin kujera ina tambaya, aka haɗa ni da wani dattijon kafinta da ke zuwa sayen kaya a wurin.

10/ Ya juya kujerar, ya ƙwanƙwasa ƙafa da yatsa, ya ciro 'yar wuƙa ya kankare wani wuri a ƙasa inda ba a gani. Ƙarƙashin baƙin dattin sai ga ja mai kyau. Ya ce, "Yaro, maɗaci ne wanga. Mi za ka yi da shi?" Na ce, "Baba, so nake in gyara wa ƙanwata." Ya ce, "In ka sayar, wanda ya saya gyarawa zai yi ya sayar maka."

11/ Ga wanda bai sani ba, maɗaci shi ne dogon itacen nan da aka jera a gefen tsofaffin titunan garuruwanmu, wanda ake jiƙa ɓawonsa a sha don magani, mai ɗacin tsiya. Dangin mahogani ne da Turawa ke ji da shi wajen kayan ɗaki. Yana da nauyi, yana da ƙarko, in aka goge shi kuma launinsa kaɗai ado ne.

12/ Na ce ya yi min aikin. Ya yi lissafi, ya ce kuɗin hannu zai fi kuɗin kaya, ga shi aikin aure ya yi masa yawa. Ya ce in ina da haƙuri, kashi tara cikin goma zan iya yi da kaina a gida, in ya so abin da ya gagara in kawo masa. A tsaye a bakin shago ya karanta min darasin, ina rubutawa a waya.

13/ Ashe aikin katako shi ne mai sauƙi. Da Goggo, yayar Abba, ta ji labari, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta ce, "Don marainiya ce za a kai mata tsohon kaya? Da ubanta na raye za ka yi haka? Kana so dangin miji su zo ganin ɗaki su tafi da mu a baki?" Wallahi maganar ta sokan. Ban ce komai ba, don ba a mayar wa Goggo magana, kuma ba ƙarya ta yi ba. Mata suna zuwa ganin jere, suna ƙirga komai, wasu har hoto suke ɗauka.

14/ Ni kuma abin da ke raina shi ne, in na sayi sabo, da bashi zan saya. Na san gidajen da amarya ta haihu har ta yaye ba a gama biyan kayan ɗakinta ba. Ban ga hikimar a ci bashi don burge matan da za su kalli ɗaki na minti goma su wuce ba. Amma ɗakin ba nawa ba ne, ba ni za a yi wa gori ba.

15/ Saboda haka na tambayi mai ɗakin. Auta ta daɗe ba ta yi magana ba. Can ta ce, "Yaya, gyara ɗaya in gani. In ta yi kyau ina so. In ba ta yi ba, don Allah kar ka matsa min." Na ce na yarda.

16/ Yanzu ga aikin, don na san wasu shi suke jira. Farko na fito da komai rana, na wanke da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan. Kar ku kwara wa katako ruwa. Sannan na bi kowace ƙafa ina ƙwanƙwasawa. Katako mai lafiya ƙararsa a cike take. Wanda gara ta ci daga ciki yana amsawa kamar ƙwarya. Ƙafar baya ta kujera ɗaya ta tafi, yatsa na sa ta burme. Sauran lafiya lau.

17/ Mazaunin kowace kujera falanki ne daban, sukuru huɗu ke riƙe da shi ta ƙasa. Kafin ku kwance, ku sa lamba da fensir, kujera ta 1 da mazauni na 1, har zuwa 6. Aikin hannu ne, ramukan ba sa zama daidai. Ni na ga kamar ɓata lokaci ne, na kwance uku kafin in tuna, na ɓata yamma guda ina gwada wanne ne na wacce.

18/ Kujeru huɗu suna girgiɗi. Abin da kowa ke yi shi ne ya ɗauko ƙusa ya buga, kuma shi ne abin da dattijon ya fi ja min kunne a kai. Ƙusa tsaga katakon take yi, bayan wata biyu girgiɗin ya dawo. Haɗin irin waɗannan kujeru harshe ne da rami, gam ke riƙe su. Shekaru na hunturu da damina, katako ya tsuke ya buɗe, ya tsuke ya buɗe, gam ɗin ya saki.

19/ Gyaran shi ne ka zare haɗin a hankali, kana bugu da guduma ta kan wani guntun katako don kar ka yi tabo. Ka kankare tsohon gam tas, don sabo ba ya kama tsoho. Ka shafa farin gam na katako, ni Top Bond na samu, ka mayar, ka ɗaure. Ba ni da abin matsewa irin na kafintoci, sai na karɓo tsohuwar robar cikin tayar babur wajen mai faci, na yanka ta dogo-dogo na nannaɗe. Tana matsewa sosai. Ka goge gam ɗin da ya tsattsafo tun yana ɗanye, ka bar shi kwana ɗaya cur.

20/ Sai gurza. Samfefa lamba-lamba ce, ƙaramar lamba ta fi kaushi. Na fara da 80 don cire tsohon mai, na koma 120, na gama da 220. Ka naɗa ta a guntun katako don wurin ya yi bai ɗaya, kuma ka bi layin katakon, kar ka gitta. Inda na gitta a kujerar farko ban ga komai ba sai da na shafa mai, zanen ya fito kamar kyanwa ta yi yaƙushi.

21/ Ku sa takunkumi. Na tono ragowar na zamanin korona. Ranar farko da na yi ganganci, kwana na yi ina tari, majina ja. Kuma kafin ku gurji saman tebur, ku duba gefensa ku tabbatar katako ne har ciki. Wasu teburan siririn katako mai kyau ake mannawa a saman mai araha, kana matsa hannu za ka huda. Namu falankai uku ne aka haɗa, na gurza hankali kwance.

22/ A nan na tsaya. A kusurwar wajen kujerar Abba akwai zagayen gindin kofi, ya ci cikin katakon. Kusa da shi ga inda biro ya huda takarda ya shiga itace, lissafin wani daga cikinmu, har ana iya karanta 7 da 4. Na riƙe samfefa na kasa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, don ranar ni ke karɓar gaisuwa.

23/ Umma ta fito ta same ni. Shekara shida ba ta kalli teburin nan ba. Ta sa hannu a kan zagayen, ta ce kullum sai ta yi masa faɗa ya sa faranti a ƙasan kofi, bai taɓa ji ba. Ta yi dariya, ta goge ido da bakin mayafi, ta koma ɗaki. Na goge ko'ina, wannan kusurwar na bi ta sama-sama kawai.

24/ Babban kuskurena wajen man sheƙi ne, wanda kafintoci ke kira banish. Na shafa shi da kauri, a tsakar gida, da rana, a tsakiyar hunturu. Ku da kuka san ƙurar Katsina kun riga kun san ƙarshen labarin. Kafin la'asar kujerar ta zama kamar an barbaɗa mata gero. Sai da na jira ta bushe na sake gurzawa daga farko.

25/ Yadda ya yi daga baya: na share shagon ƙofar gida, na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, na rataya jiƙaƙƙen zani a taga, iska na shiga ƙura na tsayawa. Shafin farko na sirka man da tina kaɗan don ya shiga katako. Shafi uku, kowanne siriri, kwana ɗaya tsakani, ina bi da samfefa mafi laushi kafin na gaba. Ban sa wani launi ba. Maɗaci ba ya buƙata.

26/ Magana ɗaya ba wasa: tina da banish wuta ne. Nesa da kicin, nesa da janareta, nesa da yara. Tsumman da ya sha irin wannan mai, in aka dunƙule aka jefa lungu, yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama. A baza shi a waje ya bushe ko a tsoma a ruwa. Duk Bakatsinen da ya ga hayaƙin gobarar Babbar Kasuwa ranar Litinin 22 ga Maris 2021, da yadda mutane suka wayi gari da dukiya suka kwana ba ko sisi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

27/ Na koma kasuwa sayen soso da yadi. Soso iri-iri ne, kuma tauri ba shi ne inganci ba. Nauyinsa ake dubawa. Ɗauki guda biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi shi zai daɗe. Mara nauyi wata shida ya lotse ka ji katako. Inci biyu ya ishi kujerar dainin.

28/ Mai shago ya so in ɗauki leda mai kama da fata, wai ita ake yayi, kuma ana gogewa. Na tuna watan Afrilu a garin nan, zafi na haura digiri 40, ka tashi kujera ta biyo ka, bayan shekara biyu kuma ta fara saɓulewa. Na ɗauki yadi mai kauri, ruwan ƙasa mai duhu, mara zane, don mai zane sai ka daidaita shi a kowace kujera, ni kuma ɗan koyo ne. Faɗinsa na fitar da mazauni biyu a jere, yadi biyu ya isa shida. Na sayi biyu da rabi saboda na san halina.

29/ Cire tsohon yadi ya fi komai cin rai. Ƙananan ƙusoshi sun fi hamsin a kowane mazauni, duk sun yi tsatsa, da sukudireba da filaya na bi su ɗaya-ɗaya. Sosan ciki ya zama gari. Kar ku yar da tsohon yadin, shi ne ma'aunin sabon.

30/ Ka ɗora falanki a kan soso ka zana, ka yanka da wuƙar burodi, ka bar rabin inci ya fito ta kowane gefe don bakin katako kar ya ci yadi. Ka kifa duka a kan yadin. Na aro abin harba fin, irin istafula amma babba. Fin ɗaya a tsakiyar gaba, ka ja, ɗaya a tsakiyar baya, sannan hagu da dama. Daga nan ka riƙa tafiya zuwa kusurwa, kana jan kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Kusurwa ce ƙarshe.

31/ Kusurwar ce ta gagare ni. Sau uku ina yi tana tattarewa. Auta na tsaye tana kallo, ta ce, "Yaya, kawo." Ta yi ninki biyu irin na ɗinki, ta ce harba nan. Ta fito tsaf. Sauran kusurwoyi ashirin da ukun duk ita ta naɗe, ni harbi kawai nake. Ban sake tambayarta ko tana so ba.

32/ Kujerar da gara ta ci na kai wa dattijon ya sassaƙa sabuwar ƙafa. Launin bai zo ɗaya ba, sabon katako ya fi haske. Ya ce in ba shi shekaru zai kamo. Na nuna masa hotunan sauran a waya, ya daɗe yana kallo, ya ce banish ɗin ya ɗan yi yawa a ƙafar tebur. Yabon da na samu ke nan.

33/ Mako biyar aikin ya ci, yamma bayan na tashi aiki da ranakun Asabar. Duk abin da na kashe, har kuɗin Napep da na ƙafar nan, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sabon da na gani ba. Ragowar ta tafi a katifa mai kyau. Amma kar in yaudare ku: in kayanku na garin katako ne da ya riga ya kumbura, ba abin da samfefa za ta yi masa. Kuma tafin hannuna sai da ya yi kanta.

34/ Goggo ta zo ana gobe jere. Ta zagaya teburin, ta zauna a kujera ta girgiza jiki ta ji ko za ta motsa. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta ce, "To, kar dai wanda ya ce tsoho ne." Da ta zo kusurwar nan ta ga zagayen kofi, ta tambayi me ya sa ban goge ba. Umma ce ta ba ta amsa. Goggo ta yi shiru. Ƙaninta ne.

35/ Ranar ganin ɗaki ba na wurin, harkar mata ce, labari aka ba ni. Wai wata daga dangin ango ta shafa teburin ta ce a ina aka samo irin wannan. Goggo ta yi caraf ta ce, "Daga Kaduna aka kawo shi." Ka ga ba ta yi ƙarya ba. Sai amarya daga cikin mayafi ta ce, "Na Abbanmu ne, Yaya ya gyara min." Har yau Goggo na cewa yarinyar nan ba ta da sirri.

36/ Ko an yi gulma bayan sun fita? Wataƙila. Wata ta faɗa wa wata cewa wata ta ce wani abu, ban bi ba. Auta dai ta ce a kansa mijinta ke shan shayi, kuma ta hana shi ajiye kofi ba faranti.

37/ Kujeru huɗu aka kai, ɗakin ba zai ɗauki shida ba. Biyu suna gida. Mai sabuwar ƙafar tana ɗakin Umma, a kanta take sallah yanzu saboda ciwon gwiwa. Ɗayar ita nake kai ina rubuta muku wannan. Jiya kuma Umma ta kira ni ta nuna min tsohuwar sif ɗinta da ƙofa ɗaya ta balle, ta tambaya ko akwai ragowar gam.